WASIƘA DAGA PANSHEKARA: BIRKIN DA YA KAMA YA ƘI SAKI

Zuwa ga Edita,

Ga ni na sake zuwa neman ɗan filin nan da ka saba ba ni. Wancan mako na yi alkawarin zan yi magana a kan tsadar haya a unguwannin ma'aikata, sai ga takarda daga wani malamin makaranta na wajen Gwarzo. Ya ce tsohuwar motarsa ta zama kamar doki mai ɗingishi, ƙafar baya tana zafi, tana warin ƙuna, ga shan mai ba kaɗan ba, ya kai ta gareji sau uku ba a dace ba. Ya roƙe ni in tambayar masa masu sani. To, Malam, ba sai na tambayi kowa ba, gama ciwon nan naka ni ma na yi jinyarsa. Ya ci mini kuɗi, saura kaɗan kuma ya ci abin da ya fi kuɗi. Saboda haka maganar haya ta dakata tukuna, ta rai ita ce gaba.

Ni dai akawu ne a wata masana'anta a Bompai, gidana kuwa yana Panshekara, cikin ƙasar Kumbotso. Wanda ya san Kano ya san wannan tafiya keta gari ce, sai ka wuce Sharaɗa, ka ratsa cunkoso, ka yi ta taka birki kamar mai ɗinki da keken ƙafa. Motata tsohuwa ce, 'yar Kwatano, ƙirar 1998. Ta yi shekarunta na ƙuruciya a ƙasar sanyi, inda a ke barbaɗa gishiri a kan titi don ya narkar da ƙanƙara, ta zo nan kuma ta tarad da ƙurar hunturu da kududdufin damina. Ba na zarginta da kome, ta yi mini biyayya gwargwadon shekarunta.

Bara, bayan ɗaukewar ruwa, na lura motar ta yi nauyi. In na ɗaga ƙafa daga totur, maimakon ta ci gaba da gangarawa, sai ta yi ta lafawa kamar wani ya riƙe ta ta baya. Man da ya kan kai ni mako ya daina kai ni, kuma kowa ya sani tun da aka janye tallafin fetur a 2023 ba mai wasa da lita ɗaya. Na kai ta wajen wani saurayin makanike, ya cire ƙafar baya ta hagu, ya nuna mini takalman nan biyu masu matse faifan birki, waɗanda su ke kira fad, sun cinye. Ya ce, "Yallaɓai, ga ciwon nan." Na sayo sababbi aka sa. Ba a yi wata biyu ba suka sake cinyewa. Ya ce jabu na sayo. Na sake sayo wasu masu tsada. Ashe duk an bar jaki ne ana dukan taiki.

Ran nan da bazara, wajen la'asar, ina komowa gida da uwargida da yara uku a baya, muna biye da wata babbar mota mai ɗauke da fatu za ta kai majemar Calawa. Kwaram sai ta tsaya. Na taka birki, sai na ji feda ta tafi kusan ƙasa, kamar na taka auduga. Na ɗaga na sake takawa, na sake, na karkata sitiyari zuwa gefen titi, muka tsaya hancin motata bai fi taki ɗaya daga ƙarfen bayanta ba. Na fito jikina na ɓari, na ga hayaƙi na tashi daga ƙafar nan ta hagu. Muka zauna a inuwa kamar rabin sa'a. Da na koma na taka, sai ga birki ya dawo garau kamar bai taɓa yin kome ba. Jama'a, ku riƙe wannan, domin nan ne mugun abin ya ke: ciwo ne mai ɓuya in ya huce, har mutum ya ce ai ya warke.

Washegari saurayin nan ya ce sai dai in sayo kalifa sukutum. Kalifa kuwa, ga wanda bai sani ba, shi ne ƙarfen nan mai kama da muƙamuƙi da ya rungumi faifai, ba kuwa don ya gaji sarautar kowa a ke kiransa haka ba. Ina cikin lissafin inda zan ranto kuɗin, sai wani direban wurin aikinmu ya ce kafin in sayi kome in je wurin wani dattijo da ke aiki a gindin darbejiya nan Panshekara. Dattijon nan a kan Peugeot, wadda mu ke kira Fijo, ya koyi sana'a, tun zamanin da aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, kalifa aka ce in sayo, na zo ka sa mini."

Ya dube ni ya ce, "Malam Akawu, wa ya ce maka kalifa ne mai laifi? An yi masa shari'a?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To, ku a ofis in lissafi bai cika ba, sai ku ƙone littafin ku sayo sabo? Zauna mu bi shi layi layi. Amma tukuna gaya mini, mene ne ke sakin birki?"

Na ce, "Ɗaga ƙafa mana."

Ya yi dariya har ya ajiye sifana. Sa'an nan ya yi mini bayanin da zan maimaita a nan, domin wanda ya gane shi ya gane rabin ciwon.

Birki irin na da, mai kwano, wanda a ke kira dorom, yana da sifirin masu ƙarfi da ke janye takalma da zarar an ɗaga ƙafa. Birki mai faifai ba shi da irin waɗannan. In ka taka, babban famfo da ke gaba, watau masta, ya turo mai ta cikin bututun ƙarfe, sa'an nan ta cikin ɗan tiyon roba, har ya iso kalifa ya tura fistan, fistan ya matse fad a jikin faifai. In ka ɗaga ƙafa, man ya koma inda ya fito. Abin da ke janye fistan kuwa ba kome ba ne illa wani zoben roba da ke kewaye da shi, wanda ya kan ɗan lanƙwashe sa'ad da fistan ya fita, ya kuma miƙe in an saki. Janyewar ba ta fi kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. To, abin da ƙarfinsa bai wuce wannan ba, ai 'yar tsatsa kaɗan ta isa ta rinjaye shi.

Wannan dabara ta faifai ba sabuwa ba ce. Wani mutumin Ingila, Lancesta, ya yi rajistar irinta tun 1902, amma ba ta yi suna ba sai da motar Jaguar mai irin wannan birki ta ci tseren Le Mans na Faransa a 1953. Ta fi mai kwano jimirin zafi, shi ya sa ta game duniya. Sai dai na baya ya fi na gaba saurin cijewa, don kuwa ƙafafun gaba su ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota. Na baya motsinsa kaɗan ne, ga shi yana shan laka da ruwan da na gaba suka watso. Ƙarfen da ba ya motsi kuwa, shi tsatsa ta fi so.

Da ya gama, ya ce, "Abu biyu kaɗai ke riƙe birki: ko mai ya shiga ya kasa komawa, ko ƙarfe ya cije. Aikinmu mu rarrabe tsakaninsu." Ga yadda ya bi, ni kuwa na zaro alƙalami na rubuta.

Da fari ya ce in zaga da motar kamar mil biyu, kada in yawaita taka birki. Da na dawo ya kai bayan hannunsa kusa da kowace ƙafa, bai taɓa ba. Uku suna da ɗumi, ta hagu ta baya kuwa kamar bakin murhu. Ya ce kada kowa ya kuskura ya taɓa faifai da yatsa, kada kuma a watsa masa ruwa yana da zafi, don ya kan karkace ko ya tsage. Ya ce da ƙafa biyu ne ko duka huɗu ke zafi, da sama za mu fara dubawa, watau masta da birkin hannu. Tun da ɗaya ce, ɓarawon yana kusa da ita. Ya kuma tambaye ni ko ina jin gurnani in ina gudu, gama boris in ya lalace shi ma ya kan yi zafi, amma shi da kuka ya ke zuwa. Na ce ban ji ba.

Na biyu, ya sa yaro ya tokare ƙafafun gaba da duwatsu, ya ɗaga bayan motar da jak, ya kafa mata ƙarfen tsayawa. Ya ce wanda ya shiga ƙarƙashin mota ya dogara da jak kaɗai, ya sayar da ransa da araha. Aka sauke birkin hannu. Ya juya ƙafar dama, ta yi ta walawala. Ya sa na taka birki sau biyar na saki, ya kama ta hagu, sai da ya sa hannu biyu kana ta motsa.

Na uku, ya duba birkin hannu. A nan ya ce motoci iri biyu ne. Akwai waɗanda kebur ɗin birkin hannu ke jan wani ɗan hannu a jikin kalifa kansa, kamar yawancin Golf da Honda Accord na shekarun 1990 masu faifai a baya. Akwai kuma waɗanda aka ɓoye musu ƙananan takalma a cikin cibiyar faifai, kamar tsofaffin Mercedes. Tawa irin ta farko ce. Ya duba ɗan hannun nan ya ga ya koma mazauninsa, ya zare kebur ɗin ma gaba ɗaya, ƙafa ba ta saki ba. Ya ce, "Wannan ya kuɓuta." Amma ya ce sau da yawa shi ne mai laifi, musamman a motar da ke canja giya da kanta, wadda mai ita ya kan shekara bai ja birkin hannu ba. Ran da ya ja, kebur mai tsatsa ya tafi ya ƙi dawowa.

Na huɗu, shi ne hukuncin da ya raba gardama. A jikin kalifa akwai ɗan notin fitar da iska, wanda su ke kira nifil. Ya sa na sake takawa na saki, ƙafa ta cije, sa'an nan ya ɗan kwance notin. Sai mai ya yi tsartuwa, tsit! Nan take ƙafar ta saki, yaro ya juya ta da yatsa ɗaya. Dattijo ya ce, "Ka gani? Kalifa ba shi da laifi. An tura masa mai ne aka hana shi mayarwa. Da mun kwance notin nan ƙafa ta ci gaba da cijewa, da sai mu ce ƙarfe ne."

Na ce, "To, Baba, wa ya hana?"

Ya ce, "Saura mutum biyu, masta da tiyo." Ya ɗaure notin, na sake takawa, ƙafa ta sake cijewa. Wannan karon ya kwance mahaɗar da ke sama da tiyon roba, inda ya haɗu da bututun ƙarfe. Mai ya ɗan ɗigo, amma ƙafa ba ta saki ba. Ya ce, "Shi ke nan, an kama ɓarawo. Daga nan zuwa sama hanya a buɗe ta ke, tsakanin nan da kalifa ne aka toshe." Ya ce da ƙafar ta saki a nan, da sai mu hau sama, mu duba ko ɗan ramin da mai ke komawa ta cikinsa a masta ya toshe, ko kuwa an ɗaure feda ba a bar mata 'yar sarari ba.

Ya cire tiyon, a ido lafiyarsa lau, ba tsaga ba yoyo. Ya yanka shi da wuƙa ya nuna mini. Cikinsa ya ruɓe, wani ɓallin roba ya saki ya zama kamar ƙyaure mai buɗewa waje ɗaya. Ƙarfin ƙafar mutum ya isa ya tura mai ya wuce, amma zoben roban nan ba shi da ƙarfin da zai maido shi. Ya ce tsufa na kawo haka, haka kuma makaniken da ke matse tiyo da filaya, ko ya bar kalifa na reto a jikinsa sa'ad da ya ke canja fad. Na yi shiru, don na tuna da idona na ga an yi wa tawa duka biyu.

Bai tsaya nan ba, ya ce tun da an buɗe, a duba sauran waɗanda a kan tuhuma. Akwai ƙananan sanduna biyu da kalifa ke zamewa a kansu, su ne fin. Ya zaro su, ɗaya ta fito da sauƙi, ɗaya sai da ya murɗa, robarta ta kumbura don an shafa mata baƙin giris irin na boris. Ya ce robar birki ba ta shiri da duk abin da aka yi da ɗanyen mai, ko giris ne, ko baƙin mai, ko fetur, ko kananzir. Nata giris dabam ne, na silikon ko wanda aka yi musamman don roba. Ya ce fad ma su kan ba da shaida: in ɗaya ya cinye ɗaya na da sauransa, a tuhumi fin, in duka biyu sun cinye daidai amma sun riga na ɗaya ƙafar, a tuhumi fistan ko tiyo. Ya kankare tsatsar da ke mazaunin fad har suka riƙa shiga da fita da hannu, ba da guduma ba. Ya ɗaga robar da ke rufe fistan, ya ga ba ta yage ba, fistan kuma ba tsatsa. Ya ce da ya tarar da shi ya yi ƙuraje, to, a nan ne sayen kalifa ko sabon fistan da zobensa ya wajaba.

Da ya zo mayar da fistan ciki, sai na ga yana murɗa shi kamar noti yana dannawa a hankali. Ya ce irin wanda birkin hannu ke jikinsa haka a ke yi masa, domin akwai zare a cikinsa. Wanda ya sa ƙarfi ya danna shi kai tsaye, ya lalatar da abin da ya zo gyarawa.

Na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo tiyo biyu, don ya ce tare aka haife su, tare suka tsufa, ba a canja ɗaya a bar ɗaya. Na haɗo da robobin fin, da fad na ƙafa biyu, da man birki sabo a rufe. Kuɗinsu duka bai kai abin da na riga na zubar a kan fad ba, balle kuɗin kalifa. Ya duba faifan, ya ga ya yi shuɗi don ƙuna amma bai karkace ba, kaurinsa kuma bai gaza adadin da aka buga a jikinsa ba, ya ce a bar shi. Ya zubar da tsohon mai duka, baƙi ƙirin kamar shayin da ya kwana, ya zuba sabo, ya fitar da iska ƙafa bayan ƙafa har feda ta yi tauri. Muka zaga, ya sake kai hannu, ƙafa huɗu ɗuminsu ɗaya.

Saura in faɗi dalilin da feda ta tafi ƙasa ran nan, gama shi ne abin da ya sa na rubuta wannan takarda. Man birki yana da wata ɗabi'a, yana shan danshi daga iska sannu a hankali. Irin wanda aka rubuta wa DOT 3, in sabo ne, ƙa'idarsa kada ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, amma in ya sha ruwa ƙa'idar ta sauko 140. Na DOT 4 kuwa daga 230 ne zuwa 155. To, birkin da ke goga dare da rana murhu ne. In zafin ya kai ga tsohon mai, sai ya tafasa ya zama tururi. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ya ke isar da ƙarfin ƙafarka, amma tururi yana matsuwa, sai ka taka ka ji wayam. In ya huce ya koma ruwa, birki ya dawo, mai mota ya ce aljanu ne. Don haka masu ƙera motoci da yawa su ke cewa a canja man nan duk shekara biyu. Tawa kuwa, ina jin kunyar faɗi, tun da na saye ta ƙari kawai na ke yi. A duba murfin tulun man, an rubuta irin wanda ya dace da motar. Masu zuba ruwan sabulu kuma don a lallaɓa a kai gida, su sani tsatsa su ke shukawa, su kuma za su girbe ta.

To, Malam na Gwarzo, ga amsarka. Kada ka sake sayen kome sai an yi shari'a a gabanka. Ka ce a gwada zafin ƙafafu, a ɗaga a juya, a zare kebur ɗin birkin hannu, sa'an nan a kwance nifil ka gani da idonka ko ƙafa ta saki. Duk wannan bai kai sa'a guda ba. In makanikenka ya ji haushin tambaya, ka gaishe shi da kyau ka nemi wani. Kafin nan kuwa, ina roƙonka kada ka ɗauki iyali ko almajirai a cikinta, kada ka hau babbar hanya. Ni taki ɗaya aka bar mini, ban san nawa za a bar maka ba.

Ku kuma samarin makanikai, ba cin mutuncinku na ke yi ba, kuna da ƙoƙari, kuna shan rana. Amma matambayi ba ya ɓata. Dattawan nan na gindin itatuwa ba za su dawwama ba, ku je ku ɗebi abin da ke kansu tun suna nan. Mu masu tsofaffin motoci kuma, mu riƙa jan birkin hannu kullum don kada ya manta aikinsa, in damina ta wuce mu sa a buɗe ƙafafun baya a duba, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Mako mai zuwa, in muna da rai da lafiya, sai maganar haya. Haza wasalam.

Naka,
Akawun Panshekara.